Ƙoƙon kai: ado a jikin riga, gargaɗi a jikin kwalba



Akwai wani hoto da ya cika mana gari, har ido ya saba ya daina kula shi. Ƙoƙon kan mutum ne, ramukan ido biyu, haƙora a waje, wani lokaci da ƙasusuwa biyu a gicciye ƙarƙashin haɓa. Ku leƙa wajen masu bosho a babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole a Damagaram, ko Katako a Yamai, ku ɗaga riguna, ba za ku daɗe ba za ku ci karo da shi. Yana kan hular samari, yana kan zobe da sarƙar wuya, yana jikin tankin moton ɗan kabu-kabu, yana bayan waya, yana kan jakar da yaro ke ratayawa ya tafi lakwal. Har rigar jariri ana samu da shi, an zana masa fure a ido ko an ɗora masa hula don ya ba da sha'awa.

Shi dai wannan hoton, babu bambanci, shi ne a jikin kwalbar maganin ƙwari da manomi ke ajiyewa a zaure ko bayan ƙofa. A can kuwa ma'anarsa guda ce tak: abin da ke cikin nan yana kisa.

To ga maganarmu tun farko, don kada mu yi ta kewaye-kewaye. Wannan hoto kalma ce. A ƙasa irin tamu, inda da yawa cikin masu feshi ba su karanta Faransanci, balle Ingilishi ko Sinanci, ita ce kalmar da aka tanada don ta tsayar da hannun mutum kafin ya buɗe kwalba. Mu kuwa ba mu koya wa mutane ita ba, sannan muka sake ta a kasuwa ta zama kwalliya. Abin da ke damunmu ke nan.

Mun san gardamar da aka saba yi a kan lamarin, a fada wajen shan shayi da ƙofar gida bayan la'asar. Dattawa su ce mugun fata ne, yaro ya ɗauki mutuwa ya liƙa a ƙirji yana yawo da ita. Wasu su ƙara da cewa alamar ƙungiyar asiri ce, ko ta matsafa. Samari su yi dariya su ce, haba Baba, gayu ne kawai, mawaƙan da muke kallo a waya duk suna sawa. Daga nan kowa ya kama gabansa. Mu a ganinmu an bar jaki ana dukan taiki. Tawada a jikin yadi ba ta kiran ajali, ajali yana hannun Allah. Amma shi ma mai cewa "hoto ne kawai" bai san nauyin abin da ya rataya ba. Don a gane, sai mun koma inda hoton ya fito.

A Turai ya yi ƙarfi, kuma da farko wa'azi ne. Tsakanin 1347 da 1351 annobar da suke kira Baƙar Mutuwa ta share kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen nahiyar, wasu masana tarihi ma sun ce abin ya wuce haka. Bayan wannan bala'i mutuwa ta shige musu zane da gini. A 1424 aka fara wani dogon zane a bangon wata babbar maƙabarta a tsakiyar Paris: ƙwarangwal na riƙe da hannun masu rai yana jan su rawa, Paparoma a gaba, sarki a bayansa, sai attajiri, sai manomi, har da jariri. Waɗanda suka yi lise a cikinku za su tuna sunan, danse macabre. Saƙon ba shi da wuya: da mai rawani da mai hauya, rami ɗaya ke jiransu. Ai malamin zaurenmu ma abin da yake faɗa ke nan. Su da fenti suka faɗa, mu da baki.

A 1533 wani Bajamushe mai zane, Hans Holbein, ya zana wasu manyan Faransawa biyu sun sha ado, ga littattafai, ga kayan kiɗa, ga na'urorin duba taurari. A ƙasa gabansu akwai wani abu dogo a karkace, ba a gane ko mene ne. Sai mai kallo ya matsa gefe ya duba ta kusurwa, sannan ya ga ashe ƙoƙon kai ne. Zanen yana Landan har yau. Nufinsa, duk ilimin nan da dukiyar nan, ga inda za su ƙare.

Abin bai tsaya a fenti ba, ya kai ga ƙashin na gaskiya. A garin Sedlec na ƙasar Cek akwai wani ƙaramin coci da aka ƙawata cikinsa da ƙasusuwan mutum aƙalla 40,000. A 1870 wani masassaƙi ya jera su, har marataya fitilu ya yi da su. A ƙarƙashin Paris kuwa, tun 1786 aka riƙa kwaso ƙasusuwa daga maƙabartun da suka cika ana jerawa cikin tsofaffin ramukan haƙar dutse, na mutum wajen miliyan 6, kuma yau ƴan yawon buɗe ido biya suke su shiga kallo. A Meksiko, can nahiyar Amurka, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba na bikin tunawa da matattu ne. Ana yin alewar sukari mai siffar ƙoƙon kai, a rubuta suna a goshi, a kai abinci da furanni kan kaburbura. A wurinsu hoton na zumunci ne da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Ta wata hanyar kuma hoton ya zama barazana. A farkon ƙarni na 18 ƴan fashin teku suka riƙa ɗaga baƙar tuta mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa, don jirgin da suka tasam ma ya san ko dai ya miƙa wuya ko a mutu. A zamanin Hitler sojojin SS sun sa shi a goshin hula, kuma rundunar da ta yi gadin sansanonin da aka hallaka mutane da sunan ƙoƙon kai ɗin ake kiranta. Wannan ya kamata samarinmu su sani, don irin waɗannan mutanen ba su ɗauki baƙar fata a bakin komai ba. A ƙarni na 19 masu haɗa magunguna suka fara sa hoton a jikin kwalaben guba. Daga nan ya bi har zuwa tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na alamomin sinadarai, wanda aka fara bugawa a 2003: ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu cikin jan layi mai kusurwa huɗu, ma'ana kaɗan daga abin nan ya isa ya kashe mutum. Shi ne kuma ake yawan sawa a allon gargaɗin wurin da aka binne nakiya.

To yaya aka yi ya zama gayu? Kasuwa ce. A 1974 kamfanin labaran zane na Marvel a Amurka ya fito da wani jarumi mai suna Punisher, da farin ƙoƙon kai mai dogayen haƙora a ƙirji. Shi ne wanda kuke yawan gani a jikin moto da bayan mota. Mawaƙan rok da masu yawo da manyan babura suka riƙe hoton alamar taurin kai. A 2003 wani mai tsara tufafi ɗan Ingila, Alexander McQueen, ya fito da gyale mai ƙananan ƙoƙunan kai, manyan taurari suka yi rububinsa. A 2007 wani ɗan Ingila kuma, Damien Hirst, ya sa aka ƙera ƙoƙon kai da farin ƙarfe mai tsada da ake kira platin, aka lulluɓe shi da lu'ulu'u 8,601, ya sa masa kuɗi fam miliyan 50. Da masana'antu suka ga abin na shiga, sai suka yi ta bugawa a kan komai. Waɗanda suka saya suka sa suka gaji suka zubar, aka ɗaure cikin dila, aka yi lodi a jirgi zuwa Lome da Kwatano, ga shi a gabanmu a rumfar bosho.

Kun ga ke nan, mu ƙarshen labarin ne ya iso mana. Wa'azin bai zo ba, tarihin bai zo ba, rigar kaɗai ta zo.

Mu kuwa yadda muke da mamaci daban ne. A yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a yi masa salla, a kai shi makwancinsa, sau da yawa kafin rana ta faɗi. Addini ya koya mana cewa gawa na da mutunci kamar mai rai, har ƙashinta ba a wulaƙantawa. Ba mu tone kabari mu jera abin da ke ciki a bango. In ka tambayi Bahaushe hoton mutuwa, makara zai ce maka, ko farin likkafani, ko tabarmar zaman makoki. Ƙashin da yaranmu suka sani shi ne na teburin mahauci, sai kuma wanda ya yi sa'a aka kai shi gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ga ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin da, waɗanda aka tono a hamadar jihar Agadas. Saboda haka ƙoƙon kai ba kalmarmu ba ce ta gado. Baƙuwar kalma ce, kuma baƙuwar kalma sai an koya. Wanda ya tsara alamar ya ɗauka duk ɗan Adam da ya ganta zai gane. Abubuwa biyu da suka faru a shekara ɗaya sun nuna ba haka ba ne.

Na farko a Iraki. A ƙarshen 1971 ƙasar ta shigo da irin alkama da sha'ir daga Meksiko da Amurka, an wanke shi da wani magani mai sinadarin zaiba don kada ya ruɓe a ƙasa. Irin shuka ne, ba na ci ba. An rina shi da launin ja-ja don a bambanta. A jikin buhunan akwai gargaɗi da Sifaniyanci da Ingilishi, ga kuma ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Manoman ƙauyukan Iraki ba su karanta waɗannan harsuna, hoton kuma bai ce musu komai ba. Irin ya iso a makare, wasu sun riga sun yi shuka. Suka wanke, launin ya fita, suka ɗauka maganin ma ya fita. Wasu suka fara ba kaji, suka ga kajin lafiya lau, don gubar takan yi makonni kafin ta nuna. Sai aka niƙa aka yi gurasa. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can, ban da waɗanda suka mutu a gida ba a ƙidaya ba. Wasu da suka rayu sun makance, wasu sun kasa tafiya. Alamar na nan a jikin buhu, amma ba su san ma'anarta ba.

Na biyu a birnin Pittsburgh na Amurka, shi ma a 1971. Wani likitan yara, Richard Moriarty, ya lura cewa ƙoƙon kai bai tsorata yaran garin. Dalili? Ƙungiyar wasan besbol ɗin garin sunanta Pirates, wato ƴan fashin teku, kuma yaran sun saba ganin hoton a tuta da wasanni da labaran ban sha'awa. A wurinsu alamar nishaɗi ce. Dole asibitin ya ƙirƙiro sabuwar alama, wata koriyar fuska a yamutse da harshe a waje, suka sa mata suna Mr. Yuk. Daga baya ma bincike ya nuna cewa hoto shi kaɗai, kowane iri ne, bai hana ƙaramin yaro taɓa kwalba. Sai an ɗauke ta daga inda hannunsa ke kai.

A Iraki rashin sani ne ya kashe alamar. A Pittsburgh sabo ne. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. To jama'a, mu duka biyun muka haɗa. Tsohon da ke ƙauye ba a taɓa yi masa bayaninta ba, jikansa kuma yana ganinta kullum a rigar yayansa, wanda ya fi so a gidan.

Kada wani ya ce labarin nesa ne. Ku dubi yadda maganin ƙwari ya shiga rayuwarmu. Masu noman rani a Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi, masu albasa a Galmi da Madawa, masu garka a Mirya da Ƙonni, kowa da abin feshinsa. Da damina ana gauraya iri da jan garin magani kafin shuka, ɗan'uwan abin da ya faru a Iraki ke nan in ragowar irin ya koma tukunya. Da kaka ana jefa ƙwayoyin magani cikin buhunan wake, waɗanda ke fitar da iska mai guba, kuma sau da yawa a ɗakin da ake kwana buhunan suke. Ga fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki don sauro da kuɗin cizo. Sinadarin da ke cikinsa, wanda ake rubutawa DDVP ko dichlorvos, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin rukunin masu haɗari ƙwarai. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta can ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Iyaka ce kawai tsakaninmu, kuma kowa ya san kaya ba su jin iyaka.

Abin da ya fi muni ma, sau da yawa alamar ba ta isowa gida sam. Mai tebur ya sayi babbar kwalba, ya ɗura a ƴan ƙananan robobin lemo ko na ruwa, ya sayar na dala ashirin, na dala arba'in. Takardar da ke ɗauke da gargaɗin ta tsaya a wurinsa. Yaro ya dawo daga wasa da ƙishirwa ya ga robar lemo a ƙarƙashin gado, me kuke so ya ɗauka? Sannan babbar kwalbar ko bidon ɗin in ya ƙare, a ɗauraye a mai da shi na ruwan sha, ko na man gyaɗa, ko na fura a tafi da shi gona, ƙoƙon kan na nan a jiki yana kallon mai sha.

Mun san abin da wani matashi zai ce: "To ni ina ruwana? Rigata ta taɓa kashe wani?" Gaskiyarka, ɗan'uwa, riga ba ta kisa. Babban laifin yana wuyan mai shigo da maganin da ba a tantance ba, da mai ɗura shi a robar lemo, da raunin sa ido a kasuwa. Kuma ba mu goyon bayan a tare yaro a hanya a cire masa riga, ko a kira shi ɗan shaiɗan don ya sayi abin da ya samu da arha a bosho. Hana abu da ƙarfi ƙara masa farin jini yake a wurin matasa, kowa ya san haka. Babban mutum mai hankali in ya zaɓi ya sa, ya san tarihin abin, wannan tsakaninsa da kansa. Amma akwai iyaka da muke ganin ta dace: kada wannan hoto ya hau kayan yaro. Rigar jariri, jakar lakwal, kwanon abinci, gorar ruwa, abin wasa. Yaron da bai kai lakwal ba ba ya karatu da haruffa, da hoto yake karatu. In ka koya masa cewa wannan fuska ta abokinsa ce, ran da ya ganta a kwalba ba zai ja da baya ba.

Ga masu buga riguna da masu zane na gida, masu rubutu a jikin manyan motoci da allunan shaguna, ku ma muna da magana da ku. Hannunku na da kyau, amma me ya sa sai abin da aka sauke daga intanet? Ga dagi. Ga aska takwas da ke ƙirjin babbar riga. Ga zanen bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram, wanda baƙi ke zuwa daga nesa su ɗauki hotonsa. Ga zanen ƙwarya, ga adon dukawa a jikin fata, ga ƙirar azurfar Agadas da duniya ta sani. In saurayi jarumta yake so ya nuna, ai muna da kokowa, muna da takobin da ake ba sarkin ƴan kokowa duk shekara. Ba mu rasa abin sawa a ƙirji ba har sai mun ari tutar ƴan fashi.

Sai kuma koyar da kalmar ita kanta, wanda shi ne babban aikin. A ƙasan takardar kwalbar maganin ƙwari na gaskiya akwai zirin launi. Ja shi ne mafi haɗari, kuma a nan ne ƙoƙon kan yake. Rawaya na biye da shi. Shuɗi haɗarinsa ya ragu. Kore shi ne mafi sauƙi, amma shi ma ba abin wasa ba ne. Launi huɗu ne kawai. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta riƙe su a zama ɗaya in an nuna mata. Ƙasashen Sahel kuma suna da kwamitin haɗin gwiwa da ke tantance waɗannan magunguna, ƙarƙashin CILSS, mazauninsa Bamako, kuma wanda ya amince da shi yana ɗauke da lambar izini a jiki. Kwalbar da ba takarda, ba launi, ba lamba, a bar wa mai ita kayansa komai arharta. Don ajiyar wake kuwa akwai buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007, masu binciken INRAN a Maraɗi ma sun yi aiki a kansa. Ƙwarin rashin iska ke kashe su a ciki, ba a bukatar ko ƙwaya ɗaya ta magani.

Wa zai koyar? Mushe a aji, minti goma sun isa ya zana hoton a allo ya faɗi ma'anarsa. Malaman makarantun allo da limamai, don kare rai addini ne. Ma'aikatan gona da ƴan sa-kan feshi na ƙauyuka. Ƙungiyoyin mata, don su ke gida tare da yara da kwalaben. Da mu ƴan rediyo, waɗanda muryarmu ke shiga inda takarda ba ta shiga. Ga hukuma kuma, tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To a fara da abin da ke ceton rai: a wajabta wa duk mai shigo da maganin ƙwari ya rubuta GUBA da manyan baƙaƙe kusa da hoton, da boko da ajami, da sauran harsunanmu gwargwadon yanki. A kuma hana ɗura shi cikin robar abin sha, a hukunta mai yi.

In kuma tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, ga abin da ya kamata kowane gida ya sani. Alamun irin wannan guba su ne yawu na dalala, zufa, amai, zawo, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ƴar mitsitsiya, jiki na karkarwa, numfashi da ƙyar. Kada a ɗura wa mutum nono ko manja ko man gyaɗa kamar yadda aka saba. Ba su karya gubar, ɓata lokaci ne, kuma mai na iya taimaka mata shiga jiki. Kada a sa masa yatsa don ya yi amai, abin na iya komawa huhu. In a jiki ya zuba, a cire tufafin a wanke fata da ruwa da sabulu. In a ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta. Sannan a garzaya likita mafi kusa ba tare da jiran a ga abin da hali zai yi ba, kuma a tafi da kwalbar, don da ita ma'aikacin lafiya zai san maganin da zai ba shi. Kwalbar da ta ƙare kuwa a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan cikin abin feshi, a huda ta yadda ba wanda zai sake amfani da ita.

Turawan da suka fara zana ƙoƙon kai so suke mai kallo ya tsaya ya tuna cewa rai ɗaya gare shi. Wanda ya sa shi a jikin kwalba ma abin da yake nema ke nan, a tsaya. Aikin hoton ke nan tun asali, kuma a gidajenmu har yanzu ana bukatar ya yi wannan aiki. Don haka yau, kafin a kwanta, mai gida ka zaga ɗakunanka. Duk kwalbar magani ka ɗauke ta daga ƙasa, ka kai ta inda ke kulluwa, nesa da abinci da wurin kwana. Uwar gida ki kira yara ki nuna musu hoton, ki faɗa musu da Hausa: wannan guba ce, in kun gani kada ku taɓa, ku kira babba. Kai kuma yayansu mai riga, kai suka fi saurare, don haka kai ya fi dacewa ka yi musu bayanin.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba manomanmu damina mai albarka. Ku tura wa na ƙauye, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. Sai mun ji ra'ayoyinku.